Mun Ga Na Kowa, Saura Namu

Duk wanda ya taso da son kallo a Tasawa ko Mayahi a shekarun 1980, abin da ya fara koya shi ne haƙuri. Fim ba ya iso mu a shekarar da aka yi shi. Sai ya gama yawonsa a Bombay ko Hong Kong, ya sauka Kano, a kwafe shi, a kwafi kwafin, sannan wani ɗan kasuwa ya cusa kaset ɗin cikin dilar atamfa ya biyo da shi ta Katsina da Jibiya zuwa Maradi, ko ta Daura da Matamaye ya ɓullo Takieta. Kafin ya zo hannunmu ya sha wuya. Fuskar jarumi ta koma kore-kore, sauti na shaƙewa, wani wurin hoton ya yi ta rawa sai mai bidiyo ya tashi ya murɗa wani abu. Ba mu taɓa ganin laifin haka ba. A zatonmu haka Indiya take.

Kafin bidiyo akwai tele. Zamanin Shugaba Kountché aka rarraba akwatunan tele masu aiki da hasken rana a garuruwa da ƙauyuka, a ajiye a gidan samariya ko ƙofar mai gari. Bayan isha'i sai gari ya hallara, yara a gaba kan rairayi, dattawa a baya kan tabarmi, a zauna a sha labaru da Faransanci, ba don kowa na ji ba, sai don ana jiran wasan Yazi Dogo. Akwai kuma motar majigi da kan zo jefi-jefi, ta ɗaura farin ƙyalle a filin lakwal, ta nuna amfanin rigakafi ko yadda ake adana iri. Ko wannan ba ya wuce mu. Babban allo na sosai kuwa a Maradi na fara ganinsa, a sinima marar rufi, inda ake jiran duhu ya sauka kafin a kunna, kuma idan zaren fim ya tsinke a tsakiyar faɗa, mai injin ya sha zagin da bai taɓa sha a gidansu ba.

Amma makarantarmu ta gaske ita ce gidan bidiyo. Fili ne aka kewaye da zana, benci huɗu ko biyar, tele a kan tebur an ɗora mata dutse don kada iska ta ɗauke kwalin da ke kare ta daga ƙura, gurup yana ta ƙugi can baya da doguwar waya. A bakin ƙofa akwai allo da aka rubuta sunan fim da alli, an maƙala kwalin kaset da ƙusa don mai wucewa ya ga hoto. Yaro na zaune da gwangwanin madara yana karɓar dala biyar. Wanda ba shi da ita ya san inda zana ta yi rauni. A kowane gidan bidiyo kuma akwai gwani guda, wanda bai san ko kalma ɗaya ta Indiyanci ba, amma shi ke fassara wa jama'a: yanzu tana ce masa ubanta bai yarda ba, yanzu yana rantsuwa sai ya rama. Abin mamaki, yawanci yana yin daidai, domin labarin ba baƙo ba ne. Auren dole, kishiya, ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, uwar da ta sha wahala saboda 'ya'yanta, duk muna da su a unguwa. Shi ya sa Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi a bakin Hausawa, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Bayan an tashi daga fim ɗin Bruce Lee kuwa, sai ka ga yara suna tsalle suna shure-shure har gida, washegari a kai wani wajen mai ɗori.

Iyayenmu ba sa so, malamai na wa'azi a kai, kuma ba duk maganarsu ce ta zama banza ba. Akwai gidajen da ke canza kaset idan dare ya raba. Amma mu dai mun je.

Sai fim ya fara magana da Hausa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, kafin shekara goma kuma harkar ta zama kasuwa sosai, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama inda ake ɗauko kaya. Lokacin da Sangaya ya iso mu, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, kallo ya tashi daga bayan zana ya shiga tsakar gida. Mata suka karɓe shi. Amarya da aka kai ta da bidiyo a cikin kayan ɗaki, ɗakinta ya zama majalisa. Ibro kuwa har tsofaffin da ke cewa fim shirme ne sun yi masa dariya a ɓoye, kuma ranar da ya rasu a Disambar 2014 an yi ta'aziyyarsa a Tasawa tamkar ɗan gari.

A wannan zamanin ne na kamu da ciwon da har yau bai sake ni ba, wato ɗokin fim ɗin da bai fito ba tukuna. Kowane kaset na Kano yana farawa da dogon jerin tallace-tallacen masu fitowa, wani lokaci tallar ta kusa kai rabin fim ɗin tsawo. Wasu kan matsa gaba su wuce. Ni a nan nake zama. Mai shela na kururuwa, ana nuna mari a nan, kuka a can, rawa a cikin lambu, sai a rufe da cewa yana nan tafe. Wasu sun taho bayan shekara, wasu har yau suna hanya. Ga kuma azabar kashi na biyu: a yanke maka labari daidai inda boka ya ɗaga ƙwarya, ka yi wata uku kana tambayar direbobin Kano ko ya fito. Mujallar Fim, wadda ta fara fita a 1999, idan kwafi ɗaya ya shigo gari sai ya zagaya fada-fada har bangonsa ya rabu da shi.

Abin da ya biyo baya ya zo da gudu. Faifan CD ya kori kaset, DVD mai fim goma a ciki ya kori CD, tauraron ɗan Adam ya kawo Arewa24 a 2014 da Daɗin Kowa, daga nan salula ta haɗiye su duka. Yau a kasuwar Mayahi ko ta Kanambakashe, rumfar da ake cajin waya ita ce sinima. Yaro na zaune da kwamfuta da faranti mai zuƙo hasken rana, ka miƙa masa katin waya ya cika maka shi da Labarina, da Izzar So, da fim ɗin Indiya da aka juye bakinsa zuwa Hausa. Gwanin fassararmu na gidan bidiyo ya samu magada, su kuma da injin ɗaukar murya suke aiki.

To, a duk wannan tafiya, daga ƙyallen majigi har zuwa katin waya, akwai abin da bai taɓa biyowa ta Jibiya ko ta Takieta ba. Mun ga na Indiya, mun ga na Sin, mun ga kaboyin Amurka, mun ga na Kano har mun haddace. Fim ɗin Nijar ne kawai bai zo ba. Sunan Oumarou Ganda mun san shi, amma a matsayin sunan wani gini a Yamai inda ake wasanni. Ba wanda ya gaya mana a lakwal cewa mutumin nan shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, Étalon de Yennenga, a Wagadugu a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Ba wanda ya ce mana tun 1969 an nuna Cabascabo nasa a bikin Cannes na Faransa, ko cewa Moustapha Alassane yana zana kwaɗi yana motsa su a allo tun tsakiyar shekarun 1960, lokacin da ƙasashen Afirka da yawa ba su fitar da fim ko ɗaya ba. A wancan zamani idan ana lissafin ƙasashen da ke gaba a sinimar Afirka, da Nijar ake yi.

Sai da furfura ta fara fito mini na gan su, a allon da bai kai tafin hannu ba, da tsakar dare lokacin da rezo ke ɗan sakin jiki. Na fara da Le Retour d'un aventurier na Alassane, na 1966, wanda bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba. Wani saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba wa abokansa. Kowa ya ɗauki sabon suna, suka hau dawaki, suka shiga satar dabbobi da dukan mutane, har da korar raƙuman dawa a daji, dattawan gari suka rasa yadda za su yi da 'ya'yansu. Na yi dariya har na tashi mai ɗakina daga barci, daga baya kuma dariyar ta tsaya, domin yaran nan mu ne, mu da muke fitowa daga bayan zana muna shure-shure. Alassane ya hango abin da fim ɗin wasu zai yi wa yaran ƙasarsa, ya yi fim a kai, shekaru kafin a kafa gidan bidiyo na farko a garinmu.

Cabascabo ya fi nauyi. Ganda da kansa ya yi yaƙin Indochine a rundunar Faransa, kuma shi ya fito a matsayin tsohon sojan da ya dawo da kuɗin sallama. Abokai suka yanyame shi, maroƙa suka yi ta kirari, mata suka yi ta fara'a, har kuɗin suka ƙare, kowa ya watse. Fim ne baƙi da fari, da Zabarmanci, amma duk wanda ya taɓa ganin ɗan ci-rani ya dawo Mayahi daga Libiya ko daga haƙar zinariya a Djado, ya ga yadda ƙofar gidansu ke cika a makon farko ta kuma bushe a wata na biyu, ba ya bukatar mai fassara. A Le Wazzou polygame kuma wani Alhaji ne ya dawo daga Makka ya sa ido kan yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, ya aure ta ta uku, abin ya ƙare da jini. Labarin da Kano ta yi ta juyawa shekara talatin ke nan, sai dai shi Ganda bai sa waƙa ba, bai kuma kawo malami a ƙarshe ya yi nasiha ba. Ya nuna, ya bar ka da abinka. A nan na ga Zalika Souley, wadda ta sha tsangwama a Yamai saboda mutane sun kasa raba ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu. Ta rasu a 2021, kuma na tabbata 'yan matan da suka san ranar haihuwar kowace jarumar Kano ba su ji labarin rasuwarta ba.

Wanda ya fi taɓa ni, saboda ya taka ƙasarmu, shi ne Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani. Labarin Sarauniyar Lugu ne da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. An so a ɗauke shi a Nijar, abin bai yiwu ba, aka koma Burkina Faso, ya kuma ci kyautar Yennenga a 1987. Rundunar nan da ta ƙone Birnin Ƙonni, ta bi gari-gari tana kisa, a ƙasar Tasawa tafiyar shugabanninta ta ƙare. A Dankori Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi, ranar 14 ga Yulin 1899. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Damagaram, inda motocinmu ke wucewa kullum. Muna yara mun ji tsofaffi na zancen zuwan Nasara da rijiyoyin da aka cika da gawa, amma a matsayin zancen tsofaffi. Ganin abin a allo, da tutoci da bindigogi da mutanen da aka ɗaure da igiya suna dako, wani abu ne daban. A 2020 kuma wani fim na gaskiya, African Apocalypse na Rob Lemkin, ya sake bin sawun rundunar, ya zauna da jikokin waɗanda abin ya faɗa wa suna ba da labari da bakinsu. An kalle shi a Ingila kafin mafi yawan mutanen Maijirgi su san an yi shi.

Kada a ce matsalar harshe ce kawai, don akwai waɗanda da Hausa aka yi su. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi fim a 2008 kan yadda auren wasu masoya ya rataya a kan farashin albasa. Ya sake yin Koukan Kourcia, inda ya ɗauki tsohuwar zabiya Hussey, wadda waƙoƙinta suka zuga samarin da suka tafi ci-rani, ya kai ta har Abijan don ta yi waƙar da za ta dawo da mahaifinsa gida. Aïcha Macky ta Damagaram ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, ita ma tana cikinsu, sannan ta yi Zinder a 2021 a unguwar Kara-Kara, tsakanin samarin da gari ke tsoro. A Najeriya ma Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓata, sai da aka tsinci zarensa a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin Berlin a 2018. Waɗannan duk kakata za ta fahimce su ba tare da ta san baƙi ko ɗaya ba.

Na taɓa gwada yaron da ke tura mini fim a kasuwa.

"Baba, yau me za a sa maka? Akwai sabon zango, akwai Indiya-Hausa mai zafi."

"Ɗana, kana da Cabascabo?"

Ya duba kwamfutarsa, ya ɗago. "Na Sin ne ko na Indiya, Baba?"

Ba laifinsa ba ne. Abin da ake nema yake ajiyewa, kuma ba a neman abin da ba a san da shi ba. Hatsin namu ne, amma rumbun yana garin wasu. Kwafi masu kyau na tsofaffin fina-finan Afirka suna Paris, a ma'ajiyar Cinémathèque Afrique, ko a Bologna ta Italiya inda ake wanke su a gyara. A 2017 gidan tarihin MoMA na New York ya ware kwanaki yana nuna ayyukan Moustapha Alassane, shekara biyu bayan rasuwarsa, alhali mutumin ya yi shekarunsa na ƙarshe a nan Tawa. Manhajojin da ke nuna irin waɗannan fina-finai a intanet kuma ba da mu aka yi lissafinsu ba. Criterion Channel a Amurka da Kanada kawai yake aiki. MUBI da Netflix suna son katin banki, mu kuwa kuɗinmu a aljihu yake ko a cikin waya. Ko ka haye wannan, fassarar da ke ƙasan allo da Faransanci ko Ingilishi take, ga kuma mega da fim ɗaya zai lashe, wanda ya isa kuɗin cefanen yini. Abin da ke isowa gare mu kyauta yawanci kwafi ne da wani bawan Allah ya ɗora, dishi-dishi, yau yana nan gobe an sauke. Mun dawo zamanin fuska kore-kore ke nan, a kan fina-finanmu kawai.

Wasu abokaina na cewa ko an kawo ba za a kalla ba: ba waƙa, ba faɗa, mutum ya yi minti biyu yana tafiya a daji ba a ce komai ba. Akwai gaskiya a ciki. Idon da ya saba da TikTok ba ya son jira. Amma na taɓa jingina salula a jikin butar shayi a fadarmu na kunna musu kaboyin Alassane, kafin a zuba na biyu samarin fadar da ke kusa sun taso sun tsaya a kanmu, ana ta musu kan wane gari ne wannan, dokin wane ne ya fi gudu. Wani dattijo da ke wucewa ya tsaya, ya ce irin wannan sirdin rabonsa da shi tun yana saurayi. Ba su kalle shi don an ce musu tarihi ne ba. Daɗi ya yi musu.

Ni kuwa ɗokina na masu fitowa yana nan, har ya fi na da, don yanzu somin-taɓin fim na iso ni a ranar da ya iso mutumin Legas. Na bi labarin Mai Martaba tun ana tallarsa, fim ɗin Hausa da Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024. Na bi FESPACO ta 2025 a waya har aka ba Dani Kouyaté na Burkina kyautar Yennenga. Ina jiran abin da Aïcha Macky za ta fitar nan gaba fiye da yadda na jira kashi na biyu na kowane kaset. Sai dai na lura da wani abu: tallar tana zuwa a kan lokaci, fim ɗin ne har yanzu ba ya zuwa. Na Kano da na Indiya suna isowa rumfar caji cikin kwana biyu. Wanda ya ci kyauta a Wagadugu, mai nisan kwana ɗaya ko biyu a mota, sai ka shekara kana nema.

A 2024 hukuma ta sauya wa tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Yamai suna, ta koma Cibiyar Moustapha Alassane. Ya cancanta. Amma mun riga mun gani a kan Ganda cewa suna a jikin gini ba ya sa a san aikin mutum. Abin da ake bukata bai kai gina bene tsada ba. Ma'aikatar al'adu ta zauna da iyalan waɗannan mutane da masu riƙe da kwafin, a daidaita kan haƙƙinsu, a karɓo kwafi mai kyau. A ba masu juya fim ɗin Indiya zuwa Hausa aikin, da sharaɗin su bi maganar yadda take, ban da ƙarin gishiri. Waɗanda suka iya sa ɗan Bombay ya yi Kananci ba za su gaza da Zabarmancin Cabascabo ba. Sannan a rage musu nauyi yadda za su shiga katin waya, a raba wa masu rumfunan caji daga Tasawa har Urafan, daga Mayahi har Isawan, a kuma ba kowane lakwal kwafi. Malaman tarihi na wannan yanki, ku kuma kada ku jira Yamai: duk wanda ya samu Sarraounia, ya nemi farin ƙyalle da majigi ya kai shi Maijirgi, a nuna shi a filin gari bayan isha'i.